Gidan magina na gado: daga tubali zuwa bulo, me za a riƙe, me za a saki?

Jikan Magina

Assalamu alaikum. Iyayenmu da yayyenmu masu sana'ar gini, shawara nake nema a kan wani gidan magina na gado da ke wani ƙauye ta wajen Ringim. Zuriya uku ce a gidan: kaka, 'ya'ya da jika. Kaka maginin ƙasa ne, na tubali da azara. Yana nan da ransa, amma ya daina hawa bango. 'Ya'yansa biyu birkiloli ne, su suka shigo da bulo da siminti da rufin kwano, har suka sayi injin buga bulo da baro da katakan sikafol. Yanzu ga jika ya gamo karatun zanen gini a kwalejin fasaha, yana so a haɗa kai a mayar da abin kamfani.

Abin tambaya shi ne, a ilimin tsohon, wanne ne ya wajaba a karɓa tun yana raye? Sannan yawancin aikin da ake samu a ƙauye yanzu haɗin gambiza ne, bangon ƙasa da filastar siminti da rufin kwano, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa. Ina matsalar take? Na ƙarshe, yaya ake yi sana'ar ba ta watse ba ranar da aka zo rabon gado?

Tsohon Magini

Wa alaikumus salam. Ɗana, tunda tsohon yana numfashi, kada a tsaya yi masa tambayoyi a kan tabarma. Ilimin magini a hannu yake, bakinsa ba ya iya faɗin rabin abin da ya sani. A tayar da ɗaki guda na ƙasa a ranin nan, ko na ajiyar hatsi ne, a kafa masa kujera a inuwa, yara su yi aikin yana tsawatawa.

Abu na farko sanin ƙasa. Ta kudancin Kano, wajen Rano da Bebeji, jar ƙasa ce mai birji, tana kama jikinta. Da ka nausa arewa, Ɓaɓura, Gumel, Maigatari, sai rairayi ya rinjaya. Jigawar ce dai da jihar ta ci sunanta. Ta fadamar kogin Haɗeja kuwa laka ce, ta sha ruwa ta kumbura, ta bushe ta dare. Mai rairayi ana ƙara mata ƙasar kududdufi ko ta mataccen suri, mai laka a sassauta ta da yashi da ciyawa. Gwajin ba wuya: a jiƙa ƙasar, a murza ta kamar igiya mai kaurin babban yatsa, a riƙa tura ta ta gefen tafin hannu tana reto. In ta karye ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, rairayi ya yi yawa. In ta kusa taƙi guda ba ta karye ba, laka ta yi yawa, tubalin zai tsattsage. Tsakanin nan ake nema. Ƙasar sama da ake noma a kai ba ta gini ba ce, a kware ta a zubar gefe.

Sai kwaɓi. A tara ƙasa, a buɗe mata tsakiya, a zuba ruwa, a bar ta kwana biyu ko uku ta tsumu. A watsa yankakkiyar ciyawa ko kashin doki, a shiga da ƙafa a tattake, a sake barinta, a sake takawa. Mai gaggawa yakan kwaɓa da asuba ya cura tubali da hantsi, shi ne tubalin da ke marmashewa a hannun mai jifa. Ana cura shi gindi faɗi kai tsini, ya yi mako biyu a rana.

Wajen jeri, tsinin ne a sama. Magini na zaune a kan bango kamar mahayin doki, wani yaro na jefo tubali yana cafewa, wani na jefo curin ƙasa yana maka ta a tsakani da ƙarfi don kada kogo ya saura. Gindin bangon ɗaki ya kai santimita 60, yana hawa yana ramewa. Soro mai bene gindinsa kan kai mita guda. Layi ɗaya ko biyu ake yi a yini, a bari ya sha iska. Wanda ya ɗora ɗanye a kan ɗanye, bangonsa zai yi ciki, kuma bangon da ya yi ciki ba a gyara shi, sai dai a sauke.

Azara ta namijin giginya ake so, ɓangaren waje, baƙi mai tauri, wanda gara ba ta ci. Farin cikin nan ɓargo ne, 'yan kasuwa na haɗa shi a dami. Azara guda ba ta ɗaukar rufin ƙasa a faɗin da ya wuce ƙafa 6. Ɗakin da ya fi haka sai an yi masa tauyi, wato a fito da gajerun azara daga cikin bango hawa-hawa su rage tazarar, ko a kafa ginshiƙi, ko a yi baka. A nan ɗaurin guga yake, kuma shi ne abin da zai bi tsohon kabari in aka yi sake. Ba katako ake kafawa a zuba ba kamar kankare. Tun bango yana ƙasa ake dasa azara a cikinsa ta ɗan karkato ciki, a yaɓe, a bari ta bushe. Sai a ɗaura wata a kanta da igiya, ta ƙara karkatowa, a yaɓe, a jira. Haka ƙafafun bakan ke tahowa daga bango huɗu har su haɗu a tsakiya, kamar sandunan bakin guga. Karkatar kowane hawa da ido ake auna ta. In ƙafa ɗaya ta riga 'yar'uwarta, tulluwar za ta zauna a karkace, nauyi ya taru gefe guda.

Rufin: azara, sai zana ko asabari, sai ƙasa kaurin yatsa uku, a bari ta bushe, a ƙara, duka kada ya wuce taƙi guda, da gangare zuwa indararo. Indararo ya fito kamu guda da ɗoriya daga bango, ƙarƙashinsa a jera duwatsu. Ga yadda rufi ke kashe mutane. Ya fara yoyo, mai gida ya hau ya ƙara ƙasa. Baɗi ya ƙara. Nauyi ya lanƙwasa azara, tsakiya ta yi kwari, ruwa ya kwanta, yoyo ya ƙaru, a sake ƙara ƙasa. Ranar da aka kwana uku ana ruwa a watan Agusta sai ya rufto. Ƙa'ida ita ce a kankare tsohuwa kafin a zuba sabuwa.

Yaɓen waje makuba ce, ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa jar ƙasa da ruwansa. Na rufi da rawani da zanko, inda ruwa ya fi duka, laso: katsin karofi da aka ƙone aka daka, da gashin jima, da ruwan dafara mai yauƙi. Laso mai kyau yana yin shekara biyar.

Batun gado kuwa, gidan magina da tsari yake tafiya. Yaro ya fara da ɗebo ruwa, ya koma taka ƙasa, cura tubali, jifa, yaɓe, sannan a bar shi ya hau bango. Rufi da baka su ne ƙarshe. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarimu a shekarun 1830, zuriyarsa sun ci gaba da sana'ar bayansa, kuma bakunan da ya ɗaura sun yi fiye da shekara ɗari a tsaye. Mutane na cewa magina asiri gare su. To, akwai addu'a, amma babban asirin jira ne: a bar ƙasa ta bushe. Jikan nan mai takarda, a sa shi ya taka ƙasa ko na wata guda ne, ba wulaƙanci ba ne.

Birkila

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya gama magana a kan ƙasa. Sai dai laso, Baba, a faɗi gaskiya: karofin ƙauye sun mutu, katsi sai an je Kura ko Ƙofar Mata, ɗorawar ma an sare ta. A koya don kada ya ɓata, amma ba da shi za a ci abinci ba.

Ɗan'uwa, haɗin gambizar da ka ce. Siminti da ƙasa ba sa auren juna. Ƙasa tana shan danshi ta saki, tana motsi da damina da rani. Filastar siminti ƙanƙararriya ce, ba ta motsi. Shekara ɗaya ko biyu sai ta rabu da bango, in ka ƙwanƙwasa ka ji tana amsawa kamar ganga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa ya bi tsagar ya shige baya, ba hanyar fita, ƙasar ta jiƙe ta narke a ɓoye. Daga waje gida fes, ciki kunu. Gara ma bangon da ba a yi wa filasta ba, ya jiƙe da safe ya bushe da yamma.

In mai gida ya nace sai filasta, ga yadda ake rage ɓarnar. A kankare bangon har a taɓo tubali mai ƙarfi, a share ƙura. A kafa ƙusa 'yar inci 3 ko 4 kowane taƙi guda, a ɗaura ragar waya irin ta kejin kaji. A yayyafa ruwa kaɗan, ba jiƙawa ba. Kwaɓin ya zama mai laushi, siminti 1 yashi 10, ba 1 da 4 ba. Mai ƙarfi shi ya fi saurin ɓallewa. A yi shi hawa biyu, kowanne kaurin yatsa. Kuma saman bango lallai ya kasance ƙarƙashin kwano, don yawancin ruwan ta kai yake shiga.

Amma aikin da zan ba gidan nan shawara su riƙe shi ne bangon ƙasa mai takalmi da hula. Takalmin: fandisho na kankare, sai bulo mai inci 9 da aka cike cikinsa, layi uku ko huɗu sama da ƙasa, a shimfiɗa leda mai kauri a kai, sannan tubali ya hau. Da yake gindin bangon tubali ya fi bulo faɗi, bulon a jera shi biyu gefe da gefe, ko a yi da dutse. Hular: kwano ya zazzago santimita 60 daga bango ta kowane gefe. Bangon da gindinsa bai taɓa ruwa ba, kansa bai sha duka ba, makuba kaɗai ta ishe shi.

Ɓangaren siminti zalla, ga lissafin da ya kamata kowane yaron gidan ya haddace. Buhu kilo 50 ne, hedifan biyu ke nan. Kankaren linta da fila (ginshiƙi), 1 da 2 da 4: buhu ɗaya, yashi hedifan 4, tsakuwa 8. Na fandisho 1 da 3 da 6. Na jeri 1 da 6, buhu guda yashi 12, zai jera bulo mai inci 9 kamar 50. Faɗin ramin fandisho ninki uku na kaurin bango, santimita 67 ko 68 ga bulo mai inci 9. Zurfi sai an taɓo ƙasa mai tauri, kada ya gaza ƙafa 2 da rabi. Bulo 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya, don haka ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tsawo mita 3, in an cire ƙofa da taga, bulo 400 ne ko kusa da haka, ban da na cikin rami.

Wajen buga bulo ne sunan gida ke mutuwa. Buhu ɗaya bulo 25 zuwa 30 mai inci 9. Masu neman riba suna kai shi 45, har 50. A ɗaga irin wannan daidai ƙirji a sake shi, zai zama gari. Kuma ko an buga da siminti isasshe, in ba ban ruwa aikin banza ne: safe da yamma kwana bakwai, a rufe da buhunhuna ko ciyawa, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40. Siminti ba bushewa yake so ba, ruwa yake ci ya yi ƙarfi. Yashi kuma na kogi, wanda in ka damƙa a jiƙe ba ya ɓata tafin hannu. Mai laka yana sa filasta ta yi tsagar gizo-gizo.

Linta: rodi huɗu mai milimita 12, zobe kowane santimita 20, ta hau bango aƙalla taƙi guda kowane gefe, a sa 'yan duwatsu a ƙarƙashin rodin don kankare ya lulluɓe shi. Rodin da ya kwanta a kan katako zai yi tsatsa ya fasa lintar. Gara ma a zagaye ɗakin duka da ita, ta ɗaure bango huɗu.

Sai kwano, wanda iskar farkon damina ke kwashewa duk shekara. Ba ƙusar kwano ce ke saki ba, katakon kan bango ne ke tashi da komai. A ɗaure shi da langa-langa ko rodi mai milimita 6 da aka binne tun a linta, ko aƙalla layi uku ƙasa, kowace mita guda. A bangon tubali wayar ta sauka kamu biyu ta naɗe guntun azara da aka gitta a cikin bango. Katako a shafe shi da Solignum ko baƙin mai tun yana ƙasa. A toshe tsakanin kan bango da kwano, don iskar da ta shiga ta nan ce ke ɗaga rufi.

Jikan Magina

Allah ya saka da alheri, Baba da Yaya. Jikan yana ta maganar bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, wai shi ne tsakiya tsakanin aikin kakansa da na iyayensa. Yana yi kuwa? Kuma yana so a rubuta sunansa da "akitek" a allon kamfani.

Mai Zane

Bari in fara da allon, don shi zai iya jawo masa magana. Sarautar Sarkin Magina takan zauna a gida ɗaya, uba ya bar wa ɗa in hakimi ko sarki ya amince. Lasisi ba haka yake ba. Sunan akitek a doka na wanda hukumar ARCON ta yi wa rajista ne, hukumar da aka kafa da dokar soja ta 1969. Injiniyoyi na ƙarƙashin COREN, ƙwararrun magina kuma CORBON. Rajistar ta mutum ce shi kaɗai, ba a gadonta, ba a aronta. Takardar difloma ba ta mayar da mutum akitek. Sai ya ƙara karatu, ya yi shekarun horo a ƙarƙashin mai rajista, ya ci jarrabawar ƙwararru. Kafin nan a rubuta aikin gini da buga bulo a allo, ya wadatar. Duk aikin da ya haɗa da bene, ko dakin (rufin kankare), ko masallaci mai faɗi, ko tankin sama, a biya injiniya mai rajista ya fitar da lissafin rodi. Idon birkila na iya gane bango ya karkace, ba ya iya gane rodi ya yi kaɗan a dakin sai ranar da ya sauko. Aikin da ya shigo cikin birnin Kano kuma sai da amincewar KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar.

Bulon jar ƙasa yana yi, cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, ta daɗe tana yaɗa shi, kuma gidan da ke da tsoho masanin ƙasa da injin bulo shi ya fi cancanta da shi. Amma ba ya yafe ganganci. A fara da gwajin kwalba: ƙasa kashi ɗaya cikin uku, a cike da ruwa, ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti guda, laka sai ta kwana. Ana son yashi da ƙananan tsakuwa su haura rabi, laka kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar. A tankaɗe ƙasar a bushe da raga mai ido milimita 5 ko 6. Siminti 1, ƙasa 15 zuwa 20. A gauraya a bushe har launi ya zama ɗaya, sannan a yayyafa ruwa. Ruwan kaɗan ne ƙwarai: a damƙi curi, a sake shi daga tsawon ƙugu. Ya fashe gida huɗu ko biyar, daidai. Ya watse gari, a ƙara ruwa. Ya lafe bai fashe ba, ruwa ya yi yawa. Kwaɓin da ya wuce awa ɗaya ba a matse ba, simintinsa ya mutu. Bayan matsewa a jera a inuwa, a rufe da leda, ban ruwa mako biyu, kada a yi gini da shi sai ya cika kwana 28. Yawancin waɗanda suka ce sun gwada bai yi ba, a rana suka shanya shi kamar tubali. Shi ma yana son takalmi da hular da Malam Birkila ya faɗa.

Abu ɗaya da takarda za ta ƙara wa gidan nan shi ne tsawon daɓe. Ambaliyar 2022 ta rusa gidaje da yawa a Jigawa, Ringim da Auyo da Haɗeja da Kafin Hausa duk sun gani. Bangon ƙasa ba ruwan sama ke kayar da shi ba, ruwan da ya kwanta a gindinsa ne. Kafin a ja igiya a fili, a nemi alamar inda ruwa ya tsaya a wannan shekarar, a jikin bishiya ko tsohon gini, a ɗauko ta da tiyon ruwa zuwa filin, a sa daɓen ɗaki ya haura ta da santimita 30 aƙalla. A ƙasar laka kuma fandisho ya sauka ƙasa da inda tsagar rani ke kaiwa, a sa masa rodi, a yi shimfiɗar siminti mai faɗin mita guda kewaye da ginin, a nisanta shi da darbejiya da ramin masai.

Ban yarda da raina laso gaba ɗaya ba, Malam Birkila. Tsofaffin gine-gine irin Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, da zaurukan hakimai da tsofaffin masallatai, duk suna buƙatar mai gyara, masu iyawa kuma ƙarewa suke yi. Jikan ya ɗauki awo da hoto na kowane hawa na ɗaurin gugar da Baba ya ce a yi, ya zana shi a takarda.

Akawu

Salamu alaikum. Gidajen sana'a da yawa ba rashin gwaninta ke rusa su ba, aljihu ɗaya ne. Tsarin gandu ake yi: uba ke karɓar kuɗi, shi ke cefane, shi ke sayen kaya, ba wanda ya san nasa. Ranar da ya faɗi sai wannan ya ce da guminsa aka sayi injin, wancan ya ce da kuɗin gonar mahaifiyarsa ne.

Injin bulo, mazubai, sikafol, baro, janareta, filin da ake buga bulo, duk dukiya ce, kuma in sunan mamaci suke ɗauke da shi gado ne. Bayan hidimar jana'iza, bashi ake fara biya, sannan wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan rabo. Kuɗin kafin alƙalami da aka karɓa ba a yi aikinsa ba bashi ne, mutane na mantawa da wannan. 'Ya'ya mata na da rabonsu a injin nan, rabin na namiji, matar mamaci na da tumuni in akwai 'ya'ya. Cewa "ai mata ba sa gini" ba ta cire haƙƙi. Hanya mafi sauƙi: a kira masu sayar da irin kayan su yi musu kuɗi, masu ci gaba da sana'ar su biya sauran, ko a bar rabonsu a ciki ana ba su ribarsa duk ƙarshen rani, a rubuce, da shaidu. Tun yanzu da kowa ke raye a buɗe littafi a rubuta kowane kaya, wa ya saya, da kuɗin wa. In tsohon zai yi kyautar wani abu, ya yi yana da lafiya, a damƙa wa wanda aka ba a gaban shaidu.

Rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, iri biyu ce. Ta sunan kasuwanci ta fi araha, amma a doka ba ta rabu da masu ita ba, bashinta bashinsu ne. Kamfani mai iyakantaccen alhaki shi yana tsaye da kansa, mai hannun jari ya rasu jarinsa ya koma ga magada, kamfani ya ci gaba. Ga gidan da kaka da 'ya'ya da jika ke cikin sana'a ɗaya wannan ya fi, in za a iya cike takardun shekara-shekara. A buɗe asusun banki da sunansa, mutum biyu ke sa hannu. Kowa a yanka masa ladan aikinsa, har uba, ribar kuma daban.

Jinga kuwa, a guji karɓar aiki da kaya a dunƙule ba sharaɗi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 cikin 'yan makonni, daga wajen 5,000 da 'yan kai. Duk wanda ya yi jingar kaya da aiki kafin nan, daga aljihunsa ya cika, ko ya rage siminti ya ɓata sunansa. Ko dai a karɓi kuɗin aiki kaɗai mai gida ya sayo kaya, ko a rubuta cewa farashin kaya na ranar saye ne. Biya hawa-hawa: fandisho, linta, rufi, filasta. Kada kuɗin aikin wani ya shiga aikin wani, nan ne ramin da ba a fita. Duk canjin da mai gida ya kawo, ko taga ce a matsar, a faɗi kuɗinsa a rubuta kafin a taɓa. A yarda mai gida ya riƙe kashi 5 cikin 100 har damina ɗaya ta wuce. Siminti kuma kada a tara don tsoron tsada fiye da na wata uku. A kan katako, nesa da bango, buhu goma a tsaye iyaka.

Tsohon Magini

Malam Akawu ya taɓo inda ke ciwo. Ƙari ɗaya, ɗana, kan ɗakin koyon nan. Sabuwar azara mai kyau ta yi wuya, giginyar da ta isa sara ta girmi mai saranta. A bi gidajen da ake rushe soro ana mayar da shi kwano, a sayi tsohuwar azararsu tun ba a kai ta murhu ba. A kankare ƙasar, a buga da bayan gatari: mai kyau tana ƙara tsaf kamar ƙarfe, wadda ta mutu tana amsawa a dakushe. A duba kawunan biyu da suka zauna cikin bango, nan ne take fara ruɓewa. In sun yi laushi a yanke taƙi guda, sauran ta yi tauyi. A jingine su a tsaye a inuwa, ba a kwance a ƙasa ba. Tubali kuma a fara cura shi da an gama girbi, don a rufe ɗakin a yi masa makuba tun kafin hadarin farko.